'In' ko 'on' ko 'at': Ƙananan kalmomin da ke cinye makin ɗalibanmu a jarrabawar Turanci

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a gidaje daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi: yaro ya ci sauran darussa, amma Turanci ya riƙe shi. Wanda bai samu aƙalla C6 a Turanci ba, ƙofar Jami'ar Tarayya ta Gusau a rufe take gare shi, haka ma kwasa-kwasai da dama a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura. Sai ya jira wata shekara, a sake biya masa kuɗin jarrabawa idan iyaye na da hali. Idan kuwa yarinya ce, sau da yawa wannan jiran shi ne ƙarshen karatunta.

Manyan dalilan kowa ya san su. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka, ya kori malamai daga makarantun karkara irin na Birnin Tsaba da Dauran da Moriki. A watan Satumban 2021 an rufe makarantun jihar baki ɗaya bayan sace ɗalibai a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun. Ga cunkoso a aji, ga ƙarancin littattafai. Waɗannan sun fi ƙarfin malamin Turanci shi kaɗai.

Amma akwai wata ɓaraka da ke hannunsa, wadda toshe ta ba ya buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi. Ita ce ƙananan kalmomin nan da Turawa ke kira preposition, irin su in da on da at da to da for da with. Ra'ayina shi ne, yaranmu na tuntuɓe da su ne saboda ana koyar da su kamar babu wani harshe a kan yaron kafin ya shigo aji. Hanyar gyara ita ce a ɗora Hausa kusa da Turanci a kan allo, a nuna wa yaro inda suka yi daidai da inda suka raba hanya.

Yadda makin ke zubewa

A takardar insha'i ta WAEC ana so ɗalibi ya rubuta kalmomi kusan 450, kuma maki 50 ne a kanta. Daga ciki an ware maki 10 don tsabtar rubutu, wato nahawu da ƙa'idar rubutu da alamomi. Kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 ya isa ya share makin nan tas. To, da wuya ka rubuta jimlar Turanci biyu a jere ba tare da ɗaya daga cikin ƙananan kalmomin nan ba. Yaron da ba shi da tabbas a kansu, tun kafin ya kai rabin shafi ya gama da makinsa goma, sannan rauninsa ya shafi makin iya bayani, wanda shi ne mafi tsoka.

Haka abin yake a tambayoyin zaɓi na cike gurbi, inda ake ba ɗalibi jimla da kalmomi huɗu ya zaɓi ɗaya. A jarrabawar JAMB kuma, Turanci ne kaɗai darasin da ya zama dole ga kowa, kuma shi ke da tambayoyi 60 alhali sauran ukun 40-40 gare su. Kalma mai harafi biyu na iya raba mutum da gurbin karatu.

Kalmarmu ɗaya, tasu uku

Mu ɗauki “a” ta Hausa. Muna cewa ina zaune a Zurmi, mun haɗu a tasha, kasuwar Shinkafi na ci a ranar Alhamis, jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Kalma ɗaya ta yi mana aiki huɗu, kuma babu wanda ya ruɗe.

Bature sai ya raba aikin. Zai ce “in Zurmi”, “at the station”, “on Thursday”, “in 1929”. Yaron da aka gaya wa tun firamare cewa ma'anar “a” ita ce “in”, me zai hana shi rubuta “in Thursday”? Ya yi tunani, ya bi ƙa'idar da ya sani. Abin da ba a gaya masa ba shi ne Turanci na tambayar wane irin wuri ne, ko wane irin lokaci ne, kafin ya ba ka kalmar.

Kuma Hausa na da makullin wannan tambaya. Muna da “cikin” daga ciki, da “kan” daga kai, wanda a yankinmu aka fi cewa “bisa”, da “bakin” daga baki. Abin da ke da ciki kamar rumbu ko ɗaki ko gari, yawanci “in” ne. Abin da ke shimfiɗe ana hawa ko ana ɗora abu bisa gare shi, kamar tabarma ko tebur ko bango, “on” ne. Wurin da za ka nuna da yatsa ka ce nan, kamar bakin ƙofa ko mararraba ko tasha, “at” ne.

Lokaci ma haka yake tafiya, daga ƙarami zuwa babba. Ƙarfe kaza “at” ne. Rana guda ko kwanan wata “on” ne. Wata da shekara da damina, waɗanda ake daɗewa a cikinsu, “in” ne. An ƙirƙiro Jihar Zamfara “in 1996”, “in October”, amma “on 1st October”. Malami zai iya koyar da wannan cikin minti goma da alli da ranar haihuwar jihar yaron.

Ba ko'ina ƙa'idar ke ci ba, kuma gaskiya ce a faɗa wa yara haka. Bahaushe na shiga cikin bas da cikin jirgi, Bature kuwa “on the bus” da “on the train” yake cewa, amma ƙaramar mota “in the car”. Yana cewa “in the morning” sannan ya juya ya ce “at night”. Irin waɗannan sai hadda. Sai dai haddar abu goma da suka saɓa wa ƙa'ida ta fi sauƙi a kan haddar jeri mai ɗari wanda ba a san kansa ba.

“Da” mai fuska da yawa

Wadda ta fi “a” rikita yara ita ce “da”. A firamare an ce mana “with” ce ko “and”. Amma duba inda take shiga: da safe, da dare, da ƙarfe biyu, ya yi magana da Hausa, tulu cike da ruwa, wannan ya bambanta da wancan, ina alfahari da kai, an ɗaura mata aure da wane.

A Turanci kusan kowace da kalmarta: “in the morning”, “at night”, “at two o'clock”, “in Hausa”, “full of water”, “different from”, “proud of you”, “married to”. Duk wanda ya taɓa duba littafin insha'in ɗan sakandare a ƙasar Hausa ya ga “different with” da “proud with” da “married with”. Hausa ce tsaf a cikin rigar Turanci. Wani lokaci kuma hasashen yaron ya faɗa daidai, domin “ya yi fushi da ni” Turancinsa “angry with me” ne. Wannan dacewar ce ke ƙara masa ƙarfin gwiwar sa “with” a ko'ina.

Inda aikatau ke ɗaukar nauyin

Akwai kuma wuraren da Hausa ba ta buƙatar ƙaramar kalma sam. Jira ni. Saurare ni. Dubi allo. Turanci sai ya sa “wait for me”, “listen to me”, “look at the board”. Daga nan “wait me” da “listen me” suka samo asali. A wasu wuraren kuma akasin haka ne. Muna tattaunawa a kan magana, muna shiga cikin aji, sai yaro ya rubuta “discuss about” da “enter into the class”, alhali “discuss” da “enter” kai tsaye suke hawa kan abin da ke binsu.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda Hausa ke sauya wutsiyar aikatau ta yi aikin da Turanci ke yi da ƙaramar kalma. Na jefa masa ƙwallo, taimako ne. Na jefe shi da dutse, faɗa ne. Bature ba ya taɓa aikatau ɗin, sai ya ce “throw to him” a na farko, “throw at him” a na biyu. Haka na ari littafi daga wurinsa da na ara masa littafi, su ne “borrow from” da “lend to”. Duk ɗan shekara bakwai a Birnin Tsaba ya san bambancin jefa masa da jefe shi. Ilimin yana kansa tuni. Abin da ya rage a nuna masa inda Turanci ya ajiye nasa.

Bayan jarrabawa ma suna nan

Kada a ɗauka maganar maki ce kawai. Sanarwar ɗaukar aiki ko tallafin karatu da ta ce a miƙa takardu “by Friday” na nufin Juma'a ce iyaka, ana iya kaiwa tun Litinin. Wanda ya karanta ta kamar “on Friday” zai zauna jiran Juma'a, kuma kowa ya san abin da kwana ɗaya ke iya zama a hanyar Zurmi zuwa Gusau, ko ranar da sabis ɗin waya ya ɗauke.

A takardar asibiti, shan magani “for three days” kwana uku ne a jere, amma komawa “in three days” bayan kwana uku ne. A takardar neman aiki ana “apply to” ma'aikata, ana “apply for” muƙami. “Tun” ɗinmu guda ɗaya ta rabu biyu: “since 2021” idan ka faɗi lokacin da abu ya fara, “for three years” idan tsawonsa ka ƙirga. Mai tantance takardu ɗari a ofis ba shi da lokacin yi wa kowa uzuri, kuma layin farko na wasiƙa ya ishe shi yanke hukunci.

Darasi daga zaure

A makarantu da yawa har yanzu ana rubuta sunan wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a sa shi shara. Niyyar mai kyau ce, ana so yara su saba da Turanci. Amma hana baki furta Hausa ba ya hana ƙwaƙwalwa tunani da ita. Yaron zai ci gaba da fassara a zuci, ba tare da wani ya duba masa fassarar ba.

Mu waiwayi yadda ƙasar nan ta daɗe tana koyon wani baƙon harshen. Malamin zaure na karanta Larabci ya ba da Hausarsa kalma bayan kalma. Ɗalibin da ya fara nahawu da Ajurumiyya tun a shafukan farko yake haɗuwa da haruffan jarri, waɗanda su ne takwarorin ƙananan kalmomin da muke magana a kai. Ana gaya masa “min” daga ce, “ila” zuwa ce, “fi” a cikin ce, “ala” bisa ce, sannan a nuna masa wuraren da ma'anar ke sauyawa. Babu wanda ake ci tara don ya yi tambaya da Hausa. Da wannan hanya aka samu malamai masu jin Hausa da Fulatanci da suka wallafa littattafai da Larabci, har Abdullahin Gwandu ya yi wallafa a kan nahawun Larabcin kansa.

Ilimin zamani ma bai saɓa wa haka ba. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yaran firamare da Yarabanci na tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su koma baya a Turanci ba idan aka kwatanta da waɗanda aka koyar da su da Turanci.

Manufar gwamnati a kan harshen koyarwa ta sha juyawa. A 2022 an amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare, a watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari. Kowane ɓangare mutum ya tsaya a muhawarar, abin da nake kira gare shi bai kai can ba. Minti biyar ne a darasin Turanci, inda malami zai rubuta jimlar Hausa a hagu, ta Turanci a dama, ya ja layi ƙarƙashin inda suka bambanta.

Masu cewa Turancinmu ne

Wasu za su ce ai “discuss about” da “congratulate for” sun zama Turancin Najeriya, manyan mutane na faɗin su a talabijin, me ya sa za mu takura wa yara? Suna da hujja. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood. Su kansu masu harshen ba su haɗu a kan komai ba: mutumin Ingila na cewa “at the weekend”, na Amurka na cewa “on the weekend”.

Sai dai mai jan biro a takardar WAEC ba ya aiki da wannan sassaucin, kuma ɗan talaka ne ke biyan kuɗin sake zama. Mu ma a Hausa mun san wannan. A gida muna cewa “shina” da “na faɗa ma Audu”, amma a takardar jarrabawar Hausa “yana” da “na faɗa wa Audu” ake so. Wannan bai mayar da Zamfarci kuskure ba. Yaro ya iya na gida, ya iya na takarda, ya san inda kowanne ke aiki. Haka ya kamata a yi masa da Turanci, ba tare da an kunyata shi ba.

Abin da za a iya farawa gobe

Ga malamai, a daina ba da jerin ƙananan kalmomi hamsin a ce a haddace. A koyar da kowace kalma tare da abokiyar tafiyarta. Kada yaro ya rubuta “depend” ita kaɗai a littafinsa, ya rubuta “depend on”. Haka “good at” da “afraid of” da “interested in” da “congratulate on”. Biyar a mako sun isa, a zango ɗaya sun haura hamsin. Misalan kuma su fito daga rayuwar yaron, daga kasuwar Shinkafi da tashar Ƙaura da gonar gero, domin jimlar da ya gane ita ce ke zama a kansa.

Idan aka zo gyaran insha'i, jan layi kaɗai ba ya koyar da komai. Malami ya tara kurakurai biyar da suka fi yawa a ajin, ya tambayi yaran yadda ake faɗin kowanne da Hausa. Su da kansu za su gano daga inda kuskuren ya fito.

Ga Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, inda ake yaye malamanmu, ya kamata duk mai shirin koyar da Turanci ya fita da sanin wuraren da Hausa da Turanci suka saɓa. Sassan Hausa da na Turanci na harabar makaranta ɗaya. Zama kaɗan tsakaninsu zai fitar da ɗan littafi mai shafi ashirin.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban 2023. Gina azuzuwa da biyan kuɗin jarrabawa wajibi ne, amma abin da ake faɗa a cikin ajin shi ke fitar da sakamako. Buga irin wannan ɗan littafi da raba shi, har ta WhatsApp ga malaman da ke nesa, da ba shi minti goma a mako a gidajen rediyon Gusau, bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba. Rediyo kuwa na isa garuruwan da malami ke tsoron kwana.

Ga ɗalibi mai karanta wannan a waya, ƙamus na masu koyon Turanci kyauta ne a intanet, kuma yana nuna ƙaramar kalmar da ke bin kowane aikatau. Idan ka duba kalma, kada ka tsaya a ma'anarta, ka karanta misalan da ke ƙasa. Ka ɗauki labari ɗaya da aka buga da Hausa da Turanci, ka bi su jimla-jimla kana lura da abin da “a” da “da” suka koma. Ka ware shafi biyu a bayan littafinka don wannan kawai.

Iyaye ma da rawar da za su taka ko ba su ji Turanci ba. Ka ce wa ɗanka ya fassara maka jimla biyu daga aikin gida, ya gaya maka dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. Idan ya iya yi maka bayani da Hausa har ka gane, to ya fahimta. Idan ya kasa, ya san abin da zai tambayi malaminsa gobe.

Yaran arewacin Zamfara sun riga sun yi asarar watanni na karatu saboda abin da ba su da hannu a ciki. Bai kamata a ƙara musu da asarar maki a kan abin da harshensu zai iya warware musu ba. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba yaranmu sa'a.